Ranar da ya bar injinsa a Heglig ya ɗauko mu

A Larabcin Sudan, heglig ita ce aduwa, itacen nan mai ƙaya da kowane Bahaushe ya sani tun yana yaro. Sunanta aka sa wa wani filin haƙar mai da ke kan iyakar Sudan da Sudan ta Kudu. Dinkawan Kudu, waɗanda ke cewa ƙasar tasu ce, suna kiran wurin Panthou, kuma shi ma sunan daga aduwar ya fito a bakinsu. A wannan dajin na yi shekarun ƙarfina, ina aiki a ƙarƙashin wani bawan Allah da muke kira Bash Muhandis, wato babban injiniya. Yana raye, yana jinya a Alƙahira, kuma ba zai so in ambaci sunansa ba, don haka ba zan ambata ba. Amma ina so in ba da shaida a kansa tun kunnensa yana ji, domin mun saba sai an rufe mutum sannan a tuna alherinsa.

A Mai Wurno aka haife ni, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin Hajji, guzuri ya ƙare, ya tsaya noman auduga, ya yi aure, shi ke nan muka zama 'yan nan. Ni ban bi gona ba. Gareji na shiga a Sinnar, na ƙware a gyaran injinan ban ruwa da manyan motocin dizal. A 2003 wata tanka ta lalace a kan hanya aka kira ni. Na kwance famfon injekta, na shimfiɗa buhu mai tsabta, na jera kowane ƙarfe yadda na ciro shi. Wani dogon mutum mai farar jallabiya yana tsaye a kaina, bai ce uffan ba har mota ta tashi. Sai ya tambaye ni da sunan da ake kiran ƙwararren mai sana'a: "Usta, nawa kake samu a wata?" Na faɗa masa. Ya ce zai ninka sau biyu, amma wurin da za ni babu inuwa sai ta aduwa. Da na je wa mahaifiyata da maganar, cewa ta yi: "Ɗan nan, ka dubi idonsa?" Na ce na duba. Ta ce to Allah ya tsare.

Shi ma da ƙaramin abu ya fara. Ya yi shekaru yana aikin rijiyoyin mai a ƙasashen Larabawa na gabas, ya tara abin da ya tara, ya dawo gida a daidai lokacin da ƙofa ta buɗe. Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, kamfanoninta suka janye hannu, fagen ya koma na 'yan Sin da Maleshiya, daga baya Indiya ta shigo. A 1999 aka gama bututun da ya taso daga Heglig zuwa Bur Sudan a bakin Bahar Maliya, tafiyar kusan kilomita 1,600, man Sudan ya fara fita kasuwar duniya. Manyan kamfanonin suna haƙa, amma suna bukatar wanda zai kai musu ruwa, ya ɗebo laka, ya gyara hanya, ya zuba siminti. Da tsofaffin tankoki biyu ya shiga. Lokacin da na zo motoci sun kai goma, kuma ya ci bashin banki ya sayo abin da ya fi ƙauna a duniya bayan iyalinsa: injin tura siminti mai famfo biyu, a kan tirela. Ni aka danƙa wa shi.

Bari in ɗan yi bayanin aikin, don sai an san shi za a gane abin da ya biyo baya. Idan an haƙa rijiya, ana zura bututun ƙarfe a ramin, muna kiransa kesin. Tsakanin bututun da bangon ramin akwai rata, kuma in ba a toshe ta ba, gas da ruwan gishiri za su biyo ta su hau, su lalata ruwan sha na ƙasa, ko rijiyar ta fi ƙarfin masu ita. Aikinmu shi ne mu dama siminti na musamman, mu tura shi ta cikin bututun har ƙasa, ya juyo ya hau ta bayansa ya cike ratar. A bayan simintin ana sako toshiyar roba, a kora ta da laka. Idan ta isa ƙasa ta zauna, allurar ma'aunin matsi takan yi tsalle, a nan kowa yake sauke numfashi. Ana zuba wa simintin maganin da ke jinkirta daskarewarsa, amma jinkirin na 'yan sa'o'i ne. Famfo ya tsaya a tsakiyar aiki, siminti ya daskare a cikin bututu, an yi asarar rijiya. Saboda haka dokar Bash Muhandis ta farko ita ce: kada ka fara abin da ba ka tabbata za ka gama ba, in kuwa ka fara, ko sama za ta faɗo ka gama.

Da dare, in mun zauna shan jabana, wato gahawa, a bakin kwantena, yana son ba mu labarin Erle Halliburton, Ba'amurken da ya kafa kamfaninsa na wannan sana'a tamu a 1919 da aron keken alfadarai da aron famfo, har ya kai ga jinginar da zoben auren matarsa don aikin ya ci gaba. Yakan ce a yaƙin duniya na biyu ma'aikatun mutumin a garin Duncan na jihar Oklahoma sun koma ƙera kayan yaƙi, jirgin ruwansa na shaƙatawa ma rundunar ruwan Amurka ta karɓe shi ta yi aiki da shi. Muna saurare muna jinjina kai. Sai daga baya na lura da bambancin. Yaƙin wancan mutumin yana can ƙetaren teku, kwangila yake kawo masa. Na maigidana har bakin ƙofa ya zo, sau biyu.

Ranar 9 ga Yuli 2011 Sudan ta Kudu ta balle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. A Janairun 2012 rigimar kuɗin bi ta bututu ta yi zafi, Juba ta rufe rijiyoyinta gaba ɗaya. Abin da ya rage wa Hartum bai wuce ganga 115,000 a rana ba, kuma kusan rabinsa daga Heglig yake fitowa. Kowa ya san inda za a gwabza. A ƙarshen Maris aka fara musayar wuta a kusa da mu. Masu kamfanoni da yawa daga ofisoshinsu suke bugo waya suna cewa a yi haƙuri a ci gaba da aiki. Shi kuwa kwana biyu da jin ƙarar farko sai ga shi a sansani da ƙaramar jaka. Ya sa aka shimfiɗa masa katifa a kwantenar da muke ajiye kayan gyara. Ya tara mu ya ce duk mai son tafiya gida ya tafi, albashinsa na nan, kuma ba zai riƙe kowa a zuci ba. Mutum tara suka tafi. Ya biya su kuɗin mota da hannunsa.

Akwai wani aiki da aka matsa masa ya yi a farkon Afrilu. An riga an zura kesin, siminti kawai ake jira, kuma kuɗin aikin zai biya bashin banki na wata uku. Ya je ya tsaya a bakin rijiyar, ya daɗe yana sauraren kudu. Ya dawo ya ce ba za mu dama ko buhu ɗaya ba, a cika rijiyar da laka mai nauyi a rufe bakinta. Wakilin masu rijiyar ya yi ta faɗa a wayar oba-oba, har da barazanar soke kwangila. Ya ce a soke.

Ranar 10 ga Afrilu sojojin Kudu suka shigo Heglig. Tun kafin asuba ƙasa take girgiza. Ƙananan motocinmu sun riga sun tafi da marasa lafiya, abin da ya rage mai iya doguwar tafiya kan tirela ɗaya ne, kuma na kwana ina shirya shi don ya ja injin siminti. Na ɗaure komai, na duba tayoyi, na cika tanki. Sai ga mutane suna ɓullowa daga daji: leburorin yini, masu dafa abinci, masu gadi, yaran Misiriya, Larabawa makiyayan yankin, da ake ɗauka aikin share hanya. Yawancinsu ba namu ba ne, na wasu 'yan kwangila ne da suka gudu cikin dare suka bar su. Sun kai arba'in. Babu mai sunansa a rajistarmu.

Bash Muhandis ya dube su, ya dubi injin. Ya ce: "Usta, kwance shi. Ɗaura shimfiɗaɗɗiyar tirela."

Ban taɓa yi masa musu ba sai ranar. Na ce: "Bash Muhandis, shekara tara ina renon injin nan. Bashinsa bai ƙare ba. In ya tafi, kamfani ya tafi, mu sittin da iyalanmu fa? Bari su hau kansa, su riƙe ƙarfe." Ya ce hanyar ramuka ce, kuma gudu za mu yi, rabinsu za su zube kafin Kharasana. Na sake buɗe baki, sai ya dafa kafaɗata ya ce: "Ƙarfe ne, ya waladi. Gobe ƙiyama ba a kansa za a tambaye ni ba." Na kwance shi hannuna yana rawa. Na rufe bakin bututun shan iska da leda, na ɗaure da waya kamar wanda zai dawo gobe. Na tuna har ma'aunin matsin na goge da hannun rigata.

A cikin waɗanda suka hau akwai mai waldarmu, Banuwere, wato ɗan ƙabilar Nuwer ta Kudu, wanda ya girmi kowa a sansanin. A Hartum ya tashi, can 'ya'yansa suke, amma ballewar Kudu ta mayar da shi baƙo, kuma wa'adin da aka ba 'yan Kudu na su gyara takardu ko su bar ƙasar ya cika ranar 8 ga Afrilu, kwana biyu kacal kafin wannan rana. A shingen farko masu bindiga suka hango tsagar goshinsa, suka ce ya sauko. Ni Bahaushen Sudan ne, na san ɗacin a dube ka a ƙasar da aka binne kakanka a ce daga ina ka zo. Jikina ya yi sanyi. Bash Muhandis ya sauko daga gaban mota a hankali, ya cire hularsa ta ƙarfe, ya miƙa katinsa. Ya ce mutumin nan ma'aikacinsa ne shekara goma sha ɗaya, shi ya tsaya masa, in kuma dole sai an sauke shi, to a sauke su tare, direba ya wuce da sauran. Ya nemi wuri a gefen hanya ya zauna a ƙasa, da farin gashinsa, cikin ƙura. An fi rabin sa'a ana waya. Daga ƙarshe aka ɗaga sanda. Ba mu tsaya ba sai da muka yi nisa, kuma babu wanda ya faɗo.

Bayan kwana goma sojojin Kudu suka fice, a farkon Mayu aka ce mai ya fara gudana. A nan ne ya yi kuskuren da ba zan ɓoye ba, don shaidar da aka cire mata ɗaci ba shaida ba ce. Banki na neman wuyansa, manyan kamfanoni suna neman wanda zai fara komawa, sai ya yi gaggawa. Wasunmu mun ce a jira a gama share hanyoyin daji, ya ce an ba shi tabbaci. A sati na biyu wani direban tankarmu, yaro mai 'ya'ya biyu, ya kauce wa rami ya taka abin da yaƙi ya bari a ƙasa. Ko gawarsa ba mu samu cikakkiya ba. Har yau ina ganin da ya jira sati biyu, yaron nan yana nan. Shi ma ya sani. A wurin ta'aziyya, a gaban mahaifin yaron da mu duka, ya ce: "Ni na tura shi. An gargaɗe ni ban ji ba." Ban taɓa ganin mai kamfani ya furta irin wannan ba. Daga wannan wata albashin mamacin bai daina zuwa gidansa ba har shekara goma sha ɗaya.

Injin kuwa mun tarar da ƙwarangwal ɗinsa. An kwashe abin kwashewa, an cinna wa sauran wuta. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya ce mu tafi. Gidansa na Hartum ya sayar ya biya banki, ya koma haya, kuma ko wata ɗaya albashinmu bai yi latti ba.

Shekarun da suka biyo baya na rama ne. Yaƙin basasa ya ɓarke a Kudu a Disambar 2013, farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari a 2021. Muka koma haƙa rijiyoyin burtsatse da gyaran janareta don kada a sallami kowa. Ya rage wa kansa da manyan injiniyoyi albashi kafin ya taɓa na leburori. A hankali ya sake haɗa motoci goma sha biyu, ya sayo wani tsohon injin siminti, na tayar da shi da hannuna a yadinmu da ke kudancin Hartum.

Sai Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Ina yadi ina canza mai sai sama ta cika da ƙara, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wannan karon babu inda za a ce nan ne bakin daga, birnin ne gaba ɗaya. Bayan sallah da 'yan kwanaki wasu masu bindiga suka zo, ba zan ce na wane ɓangare ba ne. Suka ce suna son tankoki da tireloli tare da direbobi, za su biya da kuɗi mai kauri, kuma za su tsare yadin kada kowa ya taɓa. Suka ba shi kwana biyu.

Daren nan mu takwas muka zauna da shi a ofis, babu wuta. Akawunmu, mutumin kirki mai 'ya'ya bakwai, ya roƙe shi ya karɓa. Ya ce in ya ƙi za su ƙwace ne a banza, in ya karɓa aƙalla gidaje sittin za su ci abinci. Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma na san waɗanda suka bi wannan hanya kayansu suka tsira. Bash Muhandis ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce ya taɓa tura yaro ɗaya hanyar da bai dawo ba saboda bashi, ba zai sake ba, kuma tankar da ya saya don kai ruwa ba za ta kai man da za a je a ƙona unguwar wani da shi ba, muddin da yardarsa ne. Ya juyo gare ni: "Usta, mota nawa za ka iya kashewa kafin gari ya waye?"

Da tocilan a baki muka yi aikin, ni da yarana biyu. Mun cire famfon injekta na tsofaffin motocin, mun cire ƙwaƙwalwar sababbin. Kowanne na shafe shi da giris, na naɗe da leda da buhu, na rubuta lambar motarsa. Muka haƙa rami a wani wuri, muka jera su, muka mayar da ƙasa. Kafin kiran assalatu ya sa kowa ya fice, shi ne na ƙarshe, ya bar ƙofar a buɗe don kada a harbi mai gadi a kan makulli. Labari ya iske mu cewa da suka zo suka ga babu motar da ke tashi, sun kwashe tayoyi da batura, sun fasa abin da ya rage.

Na kai iyalina Wad Madani. Da ita ma ta faɗi a Disambar 2023 muka sake ɗaukar ƙullin kayanmu zuwa Gadarif. Duk tsawon wannan lokaci, duk ƙarshen wata wayata takan yi ƙara, saƙon Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya shigo. Da farko cikakken albashi, daga baya rabi, daga baya abin da bai wuce kuɗin buhun dawa ba. Uwargidana takan tambaya: "Malam, mutumin nan daga ina yake samowa?" Sai daga baya na ji gwal ɗin matarsa ne da wani fili da ya gada a ƙauyensu. Yana da littafi mai baƙin bango da sunan kowa, yana bi ɗaya bayan ɗaya yana kira in an samu layi: kana ina, yara nawa ke tare da kai, akwai mai ciwo? Tsohon mai waldarmu, wanda ya koma Kudu tun tuni, shi ma sunansa na ciki.

Wata goma sha huɗu ya yi yana haka. Rannan ya kira, murya a dushe, ya ce ba zai yaudare mu ba, abin hannunsa ya ƙare, kamfani ya mutu, kowa ya nemi abin yi kada ya zauna jiransa. Bayan sati ɗaya takarda ta shigo wayata, da sa hannunsa da hatimi. Shafi biyu ne cur. Ya lissafa irin injinan da na riƙe, da ayyukan da na yi, ya rubuta cewa a shekara ashirin famfo bai taɓa tsayawa a hannuna a tsakiyar aiki ba. Kowa ya samu tasa, har mai shara, kuma babu biyu da suka yi kama. Da wannan takarda uku daga cikin yaranmu suka samu aiki a Saudiyya da Oman.

Ni shekaru sun ja, ban fita ba. Ina Gadarif a ƙarƙashin wata rumfa, ina gyaran taraktocin masu noman riɗi da dawa da janaretocin sansanonin 'yan gudun hijira. Akawunmu yana nan kusa, yana sayar da gawayi. Har yanzu yana ganin da an karɓi tayin nan, ni kuma ina ganin ba haka ba, kuma muna cin abinci a kwano ɗaya.

A watan jiya na samu layi na kira Alƙahira. 'Yarsa ce ta ɗauka, ta ce jikin sai a hankali, ta kara masa wayar a kunne. Na gaishe shi, na ce: "Bash Muhandis, yaya ƙarfin jiki?" Ya ce alhamdu lillahi. Ya tambayi yarana da sunayensu, bai manta ko ɗaya ba. Ya tambaya ko ina jin labarin matar direban nan da marayunta, na ce suna Kosti wurin ɗan'uwanta, babban ya fara koyon walda. Ya yi shiru har na ɗauka layi ya yanke. Can sai ya ce: "Usta, takardar ramin nan tana wurinka?" Na ce tana cikin jakar Alƙur'anina, taku goma sha bakwai daga gindin dogon yaro, ta gabas. Ya tambaya ko giris ɗin zai kai damina uku. Na ce yadda na naɗe su zai kai biyar.